KOYA WA JARIRAI DA ƘANANAN YARA MAGANAR HANNU

Darasi Domin Iyaye da Masu Reno

Gabatarwa

An shirya wannan darasi ne domin iyaye maza da mata, da kakanni, da masu karɓar haihuwa, da ma'aikatan ɗakunan shan magani, da malaman makarantun ƙananan yara, da duk wanda Allah ya ɗora wa renon yaro. Nufinmu shi ne mu bayyana abin da ake kira maganar hannu, da dalilin da ya sa ya wajaba a fara koya wa yaro kurma ita tun yana jariri, da kuma yadda za a yi wannan koyarwa a cikin gida ba tare da an kashe ko kwabo ba. Ana roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, musamman mata masu goyo, domin su ne malaman farko na kowane yaro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 34 ne a duniya suke fama da rashin ji mai tsanani wanda ke bukatar taimako. Da wuya a sami gari ko unguwa a ƙasar nan inda babu irin waɗannan yara. Saboda haka wannan magana ta shafi kowa.

1. Mece Ce Maganar Hannu?

Maganar hannu harshe ne da ake yi da hannuwa da fuska da motsin jiki, a kuma karɓe shi da ido. Mutane da yawa sun ɗauka nune-nune ne kawai, irin wanda mutum kan yi a kasuwa idan ya gamu da baƙon da ba ya jin harshensa. Wannan kuskure ne. Maganar hannu tana da kalmominta da ƙa'idojin nahawunta, da ita kurame suke ciniki, su yi gardama, su ba da labari, su yi wa juna ba'a, su koyi addini. Wani masanin harsuna ɗan Amurka, William Stokoe, ya nuna a rubuce cikin 1960 cewa kowace kalmar hannu an gina ta ne da siffar hannun, da wurin da aka kai shi, da irin motsin da ya yi. In ɗaya daga cikin waɗannan ya sake, to, ma'ana ta sake, kamar yadda harafi ɗaya ya raba "rana" da "rama".

Ba iri ɗaya ba ce a duk duniya. Mutanen Ingila da na Amurka Turanci suke yi gaba ɗayansu, amma maganar hannun kuramensu ta sha bamban ƙwarai. A wajenmu akwai manyan iri biyu da ya kamata iyaye su sani. Na farko shi ne maganar hannu ta ƙasar Hausa, wadda kurame suka gada kaka da kakanni, ba a makaranta aka ƙago ta ba. Wata Bajamushiya mai binciken harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano cikin shekarun 1990, ta kuma wallafa littafi a kan harshen nasu cikin 2000. Na biyu shi ne wanda ake koyarwa a makarantun kurame, wanda asalinsa daga Amurka yake. Wani baƙar fata ɗan Amurka, shi ma kurma, mai suna Andrew Foster, shi ya yi ƙoƙarin yaɗa shi. Ya buɗe makarantar kurame a Gana cikin 1957, ya buɗe wata a Ibadan cikin 1960, ya ci gaba da wannan aiki a ƙasashen Afirka da dama har ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda cikin 1987. Yau da gobe, kuramen Nijeriya sun ƙara wa wannan harshe kalmomi nasu na gida masu yawa.

An taɓa yin zamanin da ake ƙin maganar hannu. A wani taron malaman kurame da aka yi a birnin Milan na Italiya cikin 1880, an yanke shawara a bar koyarwa da hannu, a tilasta wa yara kurame koyon magana da baki kaɗai. Wannan shawara ta cuci yara masu ɗimbin yawa, suka gama makaranta ba su ƙware a maganar baki ba, ba su kuma sami ilmin kirki ba. Cikin 2010, taron malaman kurame na duniya da aka yi a Kanada ya fito fili ya yi watsi da shawarar Milan, ya nuna nadama a kanta.

2. Me Ya Sa Tun Yana Jariri?

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin ɗaukar harshe daga haihuwa zuwa shekara uku, ta kuma ci gaba da haka har wajen shekara biyar. Bayan wannan, saurin yakan ragu. Yaro mai ji ba wanda ke zaunar da shi ya koya masa Hausa. Yana bayan uwarsa yana jin hirar tsakar gida, da kiran sunansa, da waƙar daka, har ya wayi gari yana magana. Yaro kurma kuwa duk wannan yana wuce shi. In ba a kawo masa harshe ta hanyar ido ba, sai shekarun nan masu daraja su wuce ƙwaƙwalwarsa ba ta sami kowane harshe ba.

Ita ƙwaƙwalwa ba ta damu ba ko ta kunne harshe ya shigo ko ta ido. Cikin 1991 wata mai bincike a Kanada, Laura Petitto, tare da abokiyar aikinta, sun ba da rahoto cewa jarirai kurame waɗanda iyayensu ke maganar hannu sukan yi gwaranci da yatsunsu, suna maimaita motsi ɗaya, daidai lokacin da jarirai masu ji suke "ba-ba-ba" da baki. Irin waɗannan yara sukan yi kalmar hannu ta farko wajen cikar shekara guda, su fara haɗa kalmomi biyu kafin shekara biyu, watau tafiyarsu ɗaya da 'yan'uwansu masu ji.

To, ga inda matsala take. Ƙididdigar da aka yi a Amurka ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame, iyayensu masu ji ne. Yawancin irin waɗannan iyaye ba su taɓa koyon maganar hannu ba, sau da yawa ma ba su gane ɗansu ba ya ji ba sai ya shekara biyu ko uku bai yi magana ba.

Mu ɗauki misalin yara biyu kurame, sa'o'in juna. Na farko an fara yi masa maganar hannu tun yana wata shida. Da ya shekara uku yana iya cewa cikinsa ke ciwo, yana iya tambaya ina babansa ya tafi, in an ce ya jira sai an sauke tukunya yakan jira. Na biyu an bar shi haka nan ana zaton wata rana bakinsa zai buɗe. In yana jin ƙishirwa sai kuka, in ba a gane ba sai ya yi birgima ko ya jefar da kwano, a ce ya cika zuciya, a doke shi. Ba a iya faɗa masa rijiya haɗari ce. In wani mugu ya cuce shi a waje, ba shi da hanyar gaya wa uwarsa. Ranar da aka kai su makaranta suna shekara bakwai, na farko karatu zai fara, na biyu kuwa sai an fara koya masa cewa kowane abu yana da suna. Ba basira ce ta raba su ba. Ɗaya an ba shi harshe da wuri, ɗaya an makara.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta. Yawancin waɗanda ake kira bebaye babu abin da ya sami harshensu ko maƙogwaronsu. Rashin ji ne ya hana su koyon magana, domin mutum ba ya kwaikwayon abin da bai taɓa ji ba. Haka kuma kurumta ba taɓin hankali ba ce.

3. Yadda Za a Gane Jariri Ba Ya Ji

Jariri kurma yana kuka, yana dariya, yana 'yan guje-gujen murya a watannin farko kamar kowane jariri. Wannan shi ke ruɗin iyaye. Ga alamun da za a lura da su:

(a) Daga haihuwa zuwa wata 3: ba ya firgita ko ƙifta ido in an yi ƙara mai ƙarfi kusa da shi, kamar faɗuwar kwano ko tsawa.

(b) Wata 4 zuwa 6: ba ya juya ido ko kai wajen da sauti ya fito, muryar uwarsa ba ta sa shi yin shiru sai ya gan ta.

(c) Wata 7 zuwa 12: ba ya waiwayowa in an kira sunansa daga baya, ba ya gwarancin "ma-ma" ko "da-da", ko kuwa ya fara ya daina.

(d) Shekara 1 zuwa 2: bai fara kiran ko kalma ɗaya ba, ba ya bin umarni mai sauƙi sai an nuna masa da hannu.

(e) Ko yaushe: yaron da ke magana, ya yi zazzaɓi mai zafi ko sanƙarau, ya warke amma ya daina amsa kira.

A yi hattara da gwajin gida. In an tafa hannu kusa da yaro, yana iya jin iska a fatarsa, ko ya ga inuwa, ko ya ji girgizar ƙasa, ya waiwayo, a ce ai yana ji. Asibiti kaɗai ke da tabbataccen gwaji. Akwai 'yar na'ura da ake sa wa jariri a kunne yana barci, cikin 'yan mintoci ta nuna ko kunnen yana aiki, ba zafi ba jini. Ƙa'idar da likitocin yara suka fi bi ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimakonsa kafin wata 6. Duk uwar da zuciyarta ta raya mata ɗanta ba ya ji, kada ta yarda a ce mata "ai nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi." Ta nemi a gwada shi. Kuma ba sai an jira sakamako ba kafin a fara yi masa maganar hannu, domin ko da ya zamana yana ji, ba abin da ya yi hasara.

4. Abubuwan da Ke Kawo Kurumta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara ana iya kauce masa. Rigakafi kuwa ya fi magani. Manyan dalilan su ne waɗannan.

Sanƙarau. Wannan ciwo ya kurumtar da yara da yawa a Arewa. Annobar 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, cikin waɗanda suka tsira kuwa akwai waɗanda suka rasa jinsu. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a kai shi gwajin kunne nan da nan.

Ƙyanda da hangum, da kuma wata irin ƙyanda mai sauƙi wadda in ta kama mace mai ƙaramin ciki takan ɓata kunnen ɗan da ke cikin. A kai yara allurar rigakafin ƙyanda suna wata 9, a koma ta biyu suna wata 15.

Shawarar jarirai. In idon jariri ko fatarsa suka yi rawaya a makon farko, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kuma guji sa kafur cikin kayan jariri, domin yana tayar da wannan ciwo ga wasu jarirai.

Ciwon kunne mai fitar da ruwa ko mugunya wanda aka bari ya daɗe. Kada a ɗiga mai ko ruwan ganye a kunnen yaro, kada a sa tsinke.

Wasu magunguna masu ƙarfi, kamar allurar jentamisin da sitireftomisin, in an yi amfani da su ba bisa ƙa'ida ba. Kada a yi wa yaro allura sai da izinin likita.

Wahalar haihuwa, da haihuwar bakwaini, da kuma gado. Kurumtar gado takan fito ko da uwa da uba duk suna ji, kuma ta fi saurin fitowa a auren dangi na kusa. Ba laifin uwa ba ne ita kaɗai, ba kuma aikin maita ko iskoki ba ne.

5. Yadda Ake Koyarwa a Gida

Na ɗaya, a nemo malami. Mafi kyawun malami shi ne babban mutum kurma wanda ya ƙware a maganar hannu. Kusan kowane babban gari yana da wurin da kurame ke taruwa su yi hira, suna kuma da ƙungiyoyinsu. Maigida ya je ya gaishe su, ya roƙi ɗaya ya riƙa zuwa gida ko da sau ɗaya a mako. In mace ce aka samu, sai ta shiga wajen matan gida. Ribar wannan biyu ce: iyali su koyi harshe sosai, su kuma ga da idonsu cewa kurma yana girma ya yi sana'a ya riƙe gida.

Na biyu, a sami idon yaro kafin a yi magana. A taɓa kafaɗarsa a hankali, ko a kaɗa hannu inda zai gani, ko a bubbuga tabarmar da yake zaune. Kada a fizgo haɓarsa da ƙarfi, kada a jefe shi da wani abu. A durƙusa a daidaita fuska da tasa.

Na uku, a tuna cewa ido ɗaya ne ke yin aiki biyu. Yaro mai ji yana iya kallon akuya yana kuma jin ana cewa "akuya". Kurma ba zai iya ba. Saboda haka a nuna masa akuyar, a jira ya gama kallo ya ɗago, sa'an nan a yi masa alamar. Ko kuwa a kai hannu kusa da abin, yadda zai ga abin da alamarsa tare.

Na huɗu, a rage goyo a lokacin da yake farke. Jariri mai ji yana koyon magana ko yana baya. Kurma in yana baya ba ya ganin fuskar uwarsa ko hannunta. In uwa tana aikin zaune, kamar tsince shinkafa ko wanke-wanke, ta zaunar da shi a gabanta inda babu wuta, ta riƙa nuna masa abin da take yi. Da dare a ajiye fitila inda haske zai faɗa a fuskar mai magana, domin duhu ga kurma shiru ne.

Na biyar, a fara da kalmomin da yake bukata kullum: nono, ruwa, abinci, barci, wanka, zo, ƙari, ya ƙare, zafi, ciwo, bayan gida, uwa, uba. Wasunsu ma kowa ya san su. Ana haɗa yatsu a kai baki domin abinci, a lanƙwasa hannu kamar mai riƙe da moɗa a kai baki domin sha, a ɗora kunci a tafin hannu a karkata kai domin barci, a kakkaɓe tafin hannuwa domin ya ƙare. A maganar hannun makaranta, ana dunƙule hannu a buɗe kamar mai tatsar saniya domin nono, a haɗa kan yatsun hannu biyu domin ƙari. A tambayi kuramen gari yadda suke yi, a bi nasu, duk gida kuma a tsaya a kan alama ɗaya.

Na shida, a yi alama a daidai lokacin abin. Kafin a ba shi nono a yi alamar nono, yana sha a sake, ya gama a yi alamar ya ƙare. A yi ta da girma, a hankali, a maimaita. Ga jariri ƙarami ana iya yin alamar a jikinsa, ko a kama hannunsa a taya shi, in bai ƙi ba.

Na bakwai, a yi amfani da fuska. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, a maganar hannu kuwa fuska tana cikin nahawu. Da ɗaga gira ake nuna tambaya, da girgiza kai ake korewa. Wanda ya yi alamar "zafi" yana murmushi ya ruɗa yaro.

Na takwas, a karɓi ƙoƙarinsa. Yatsun jariri ba su ƙware ba, alamarsa ta farko ba za ta fito daidai ba, kamar yadda mai ji yake cewa "uwa" a maimakon "ruwa". In an gane nufinsa a ba shi abin, a nuna farin ciki, a sake yi masa alamar daidai. Kada a hana shi abinci don a tilasta masa.

Na tara, kada a tsaya a kan kalmomi ɗai-ɗai. Da ya kama goma ko ashirin sai a fara haɗawa: "baba ya tafi", "ruwa ya ƙare", "wuta zafi". A ba shi labari, a nuna masa hotuna, a gaya masa abin da zai faru kafin ya faru, kamar zuwa asibiti ko tafiyar uwa unguwa. Kowa a gida a laƙaba masa suna na hannu, shi ma yaron a yi masa nasa.

Na goma, kowa ya sa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In uwa ce kaɗai ta iya, yaro ya zama baƙo a gidan ubansa. Uba ya koya, kaka ta koya, abokiyar zama ta koya. Yayyensa su ne suka fi saurin ɗauka, su ne kuma za su kai harshen wajen wasa. In ana hira ana dariya, wani ya juya ya gaya masa abin da ake yi wa dariya.

A yi haƙuri. Jaririn da aka fara yi wa yana wata shida yana iya ɗaukar wata biyu ko fiye kafin ya mayar da alama ta farko. Yana tarawa ne. Wanda kuma ya riga ya shekara huɗu ko biyar, kada a ce an makara a bari. A fara yau.

6. Yaro Mai Ji Fa?

Tun cikin shekarun 1980 wasu malaman jami'a biyu a Kalifoniya ta Amurka, Linda Acredolo da Susan Goodwyn, suka fara nazarin koya wa jarirai masu ji 'yan alamun hannu, abin ya kuma yaɗu a ƙasashen Turai. Dalilinsa shi ne jariri yakan iya sarrafa hannunsa kafin bakinsa. Muna ganin haka a gidajenmu, inda ɗan wata tara kan miƙa hannu a ɗauke shi, ko ya ɗaga hannu ya yi ban kwana. In an koya masa alamar nono da ruwa da ƙari, yana iya faɗin bukatarsa maimakon kuka.

Amma a faɗi gaskiya. Wani bincike da aka yi a Ingila a kan jarirai 40, aka buga cikin 2013, bai ga cewa waɗanda aka koya wa alamu sun riga sauran iya magana ba. Bai kuma ga cewa alamun sun jinkirta su ba. Watau ga yaro mai ji wannan abu ne mai daɗi da ke ƙara shaƙuwa, ba wajibi ba ne, kuma kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan zai mai da ɗanku haziƙi. A riƙa furta kalmar da baki tare da alamar. Ga yaro kurma kuwa, maganar hannu bukata ce kamar abinci.

Akwai kuma yaro mai ji wanda iyayensa kurame ne. Wasu dangi sukan raba shi da uwarsa don tsoron kada ya ƙi magana. Babu bukatar haka. Zai koyi maganar hannu wajen iyayensa, ya koyi ta baki wajen dangi da maƙwabta, ya tashi da harshe biyu.

7. Amsar Wasu Tambayoyi

Shin maganar hannu za ta hana yaro koyon magana da baki? A'a. Ba a sami hujjar haka ba. Yaron da ya riga ya san cewa abubuwa suna da suna ya fi sauƙin koyon wani harshe, da karatu da rubutu.

In an sa masa na'urar ƙara ji, sai a daina? A'a. Na'urar da ake maƙalawa a kunne, da wadda ake dasawa ta hanyar tiyata, suna taimakon yara da yawa, kuma ya kamata a nemi shawarar likita a kansu. Amma suna da tsada, suna bukatar batir da gyara da horo mai tsawo, ba kuma kowane yaro suke yi wa aiki daidai ba. A haɗa biyun, don ranar da na'ura ta lalace kada yaro ya rasa abin magana.

Wace za a koya, ta gari ko ta makaranta? Wadda aka samu kusa, a fara da ita. Yaron da ya iya ɗaya ba ya shan wuyar ɗaukar ta biyu.

8. Inda Za a Nemi Taimako

A fara da asibiti mafi kusa, a nemi a tura yaro sashen kunne da hanci da maƙogwaro na babban asibiti ko asibitin koyarwa. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa. Jihohi da yawa suna da makarantun kurame, kamar ta Tudun Maliki a Kano, kuma tun 1977 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwaleji a garin Oyo domin horar da malaman yara masu bukata ta musamman. Iyaye su ziyarci makarantar da ke kusa da su tun yaro bai isa shiga ba, su san malamai, su san sauran iyaye.

Doka ma tana bayan yaro kurma. Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba su haƙƙin ilmi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma umarci ma'aikatun gwamnati su keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta tsayar da ranar 23 ga Satumba ta kowace shekara domin harsunan hannu, an fara bikinta cikin 2018. Ɓoye yaro a ɗaki don kunya, ko tura shi bara, tauye masa haƙƙi ne.

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai da shugabannin coci, da ƙungiyoyin mata, su taimaka wajen isar da wannan saƙo. Duk gidan da aka san akwai yaron da ba ya ji, a je a ƙarfafa wa iyayensa gwiwa, a haɗa su da kuramen gari. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya ba mu ikon sauke amanarsu, amin.

Tambayoyi Domin Bita

1. Me ya sa shekaru ukun farko suka fi muhimmanci wajen koyon harshe?

2. Kawo alamu uku da ke nuna jariri ba ya ji.

3. Me ya sa tafa hannu kusa da jariri ba tabbataccen gwaji ba ne?

4. Wace illa yawan goyo yake yi wa jariri kurma, kuma yaya za a magance ta?

5. Lissafa kalmomi goma da za ka fara koya wa ɗanka, ka nemi wani kurma a garinku ya nuna maka alamunsu.